Kwana uku a Wellington: me za a gani, kuma sai an ɗauki mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan halarci wani taro a Wellington, babban birnin New Zealand, a watan Fabrairu, kuma da maiɗakina zan tafi. Bayan an tashi daga taron muna da kwana uku kafin mu juyo. Shin birnin ya kai a yi masa kwana uku, ko gara mu wuce Auckland? Sai mun ɗauki hayar mota? An kuma ce mana akwai jirgin ruwa da ke tsallakawa Tsibirin Kudu, ya dace mu shiga? Sai batun masallaci da abinci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya. Ku yi zamanku a Wellington, kwana ukun ma da ƙyar za su ishe ku. Kada ka ɓata kuɗinka wajen hayar mota. Shi kuwa jirgin Tsibirin Kudu ina da ja a kansa, zan zo wurin daga baya.

Na daɗe ina tsara wa baƙi yawo a wannan birni, kuma abin da na fi gani yana ɓata musu ziyara shi ne jadawalin da suka rubuto tun daga gida: ranar farko wuri kaza, ta biyu wuri kaza. A Wellington iska ce ke faɗa maka inda za ka je yau. Birnin na zaune a ƙurewar kudancin Tsibirin Arewa, a bakin mashigin teku na Cook wanda ya raba manyan tsibiran ƙasar biyu. Iskar yamma da ke kaɗawa a wannan sashe na duniya takan zo ta tarar da jerin tsaunuka sun tare mata hanya a duka tsibiran, ba ta da wata kafa sai wannan mashigi, wanda faɗinsa a inda ya fi tsukewa kilomita 22 ne kacal. Sai ta matsu ta fito da ƙarfi, kamar yadda ruwan rufin ɗaki gaba ɗaya ke taruwa ya zubo ta indararo guda. In ta arewa ta biyo, ga ƙarfi amma ba sanyi sosai. In ta juya ta kudu, daga wajen Antatika ke nan, kafin awa guda gari ya sauya, waɗanda ɗazu ke zaune bakin ruwa da 'yar shara duk sun nemi rigunan sanyi. Tun a hanyar fitowa daga filin jirgin sama za ku ga alama: a gefen titin Cobham Drive an kafa wata doguwar sanda ruwan goro da ke karkata gwargwadon ƙarfin iskar ranar.

Saboda haka ka raba wuraren da za ku je gida biyu, na ranar da gari ya yi garau da na ranar iska ko ruwa. Kowace safiya ka buɗe hasashen MetService, hukumar yanayi ta ƙasar, ka leƙa ta taga, sannan ka zaɓa. In kun tashi kun ga teku ya kwanta lumui, to ku bar duk wani gidan tarihi ku fita waje, don ba ku da tabbacin gobe za ta yi haka. Fabrairu dai sa'a ce, tsakiyar lokacin zafinsu ne, kuma yana cikin watannin da yanayi ya fi daidaita. Zafin nasu bai cika wuce digiri 20 da ɗoriya ba. Lema ba ta da amfani, iska za ta kifar da ita. Rigar ruwa mai hula ku nema. Hajiya ta tanadi mayafin da za ta iya maƙalewa da fil, kai kuma ka kula da hularka a bakin ruwa. Rana kuma a can tana da cizo fiye da yadda sanyin iskar ke nunawa, ko mai duhun fata tana ƙona shi, don haka man kariya da tabarau ba ado ba ne.

Dalilin da ya sa na hana ka mota shi ne yadda Allah ya yi wurin. Tsakiyar birnin wani siririn fili ne da ya maƙale tsakanin tashar jiragen ruwa da tuddai. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa gaɓar Oriental Bay, wato daga wannan kai zuwa wancan, tafiyar ƙafa ce ta kamar minti arba'in ba tare da gaggawa ba. Da zarar ka bar filin kuwa sai hawa, tituna ƙanana masu lanƙwasa, motoci a fake hagu da dama, ga tuƙi ta hannun hagu, ga tsadar wurin ajiye mota. Mazauna birnin kansa kimanin 210,000 ne, bai kama ƙafar Auckland ba wajen girma, kuma a Auckland ɗin ne ma za ka fi jin rashin mota. Inda ƙafa ba za ta kai ku ba akwai bas-bas na Metlink. Ka sayi katin Snapper a ƙananan shaguna ka zuba masa kuɗi, ana taɓa shi a na'ura lokacin shiga da lokacin sauka. Kada ka manta na saukar, in ba haka ba za a cire maka fiye da kuɗin tafiyarka.

Masauki ku nema tsakanin titin Lambton Quay da unguwar Te Aro, kusa da ruwa. Sai dai ka guji ɗakin da tagarsa ke kallon Courtenay Place, layin mashaya ne, daren Juma'a da na Asabar hayaniya har asuba. Taswira kuma na yaudara a wannan gari. Za ka ga otal a titin The Terrace kamar taku kaɗan ne daga Lambton Quay, alhali yana can sama da shi a kan gangare. 'Yan gari ba sa zagayawa, sukan shiga wasu dogayen gine-gine ta ƙofar ƙasa, su hau lif, su fita ta wata ƙofa a titin sama. Ka tambayi ma'aikatan otal wace ƙofa ce ta fi kusa da ku.

Akwai abin da nake so ka lura da shi tun ranar farko, don shi ne zai sa ka fahimci sauran. In kana tafiya a Lambton Quay, babban layin kantuna da ofisoshi, ka riƙa duba ƙasa. Za ka ga wasu ƙananan faranta na ƙarfe a jikin daɓen, an rubuta cewa nan ne bakin ruwa a 1840. Ka ɗaga kai ka nemi tekun: yana can bayan layuka biyu ko uku na gine-gine. Duk abin da ke tsakaninka da shi, ƙasa ce da ba ta nan lokacin da Turawa suka fara sauka. Wani ɓangare girgizar ƙasa ce ta ɗago shi. A ranar 23 ga Janairun 1855 aka yi girgizar da ake ƙiyasta ƙarfinta da maki 8.2, ta ɗaga gaɓar tashar da mita ɗaya zuwa biyu. Sauran kuma mutane ne suka yi ta cike teku da ƙasa shekara da shekaru, har suka ƙwato fiye da hekta 150. Shi ya sa Lambton Quay ke da lanƙwasa, tsohuwar gaɓa yake bi. Filin wasan kurket na Basin Reserve ma asali an tsara shi ne ya zama matsayar jiragen ruwa da za a haɗa da teku ta hanyar tona magudana. Girgizar ta ɗaga wurin ya koma fadama, aka yashe shi aka mai da shi filin wasa. Yawan gidajen katako da za ka gani jere a kan tuddai, wannan ma darasin girgiza ne: ta 1848 ta rusa gine-ginen bulo, na katako suka tsaya. Gaban majalisa akwai tsohon ginin ma'aikatun gwamnati na 1876, daga nesa sai ka rantse na dutse ne. Ka matsa ka ƙwanƙwasa bangon, katako ne, kuma yana cikin gine-ginen katako mafi girma a duniya. Yanzu sashen koyar da shari'a na Jami'ar Victoria ne a ciki.

To, ranar da gari ya yi kyau. Da sassafe ku shiga ɗan jan taragon nan da igiyar ƙarfe ke ja zuwa kan tudun Kelburn. Ƙofarsa na cikin wani lungu a Lambton Quay. Tun 1902 yake aiki, tsawon layin mita 612 ne, yana hawa mita 120 cikin kamar minti biyar. Taragu biyu ne a igiya ɗaya, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, nauyin wannan na taimakon wancan, a tsakiyar hanya layin ya rabu biyu su wuce juna. Na ce da sassafe ne saboda Fabrairu lokacin zuwan manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido ne. Ranar da ɗaya ya sauke dubban mutane, kafin hantsi layin tikiti ya fito har titi. Tikitin hawa kawai za ku saya, da ƙafa za ku sauko. Daga sama za ku ga tashar gaba ɗayanta: tuddai sun kewaye ruwan, tsibirin Matiu a tsakiya, mafita guda ce tak zuwa teku ta kudu. Sai ku bi ta lambun tsirrai na birnin, mai hekta 25, ku gangara ta wajen lambun furanni, ku ratsa tsohuwar maƙabartar Bolton Street. A ƙarshen shekarun 1960 an tsaga babbar hanyar mota ta tsakiyarta, aka tono kaburbura kimanin 3,700 aka sake binne su, har yau ta kan gada ake tsallakawa daga wannan rabi zuwa wancan. Hanyar za ta fito da ku daidai bayan majalisa.

Amma in da ni ne, kafin in gangaro sai in fara zuwa Zealandia, mafakar tsuntsayen ƙasar, wadda ba ta da nisa daga saman tudun. A duk abubuwan birnin ita ce ba za ka samu irinta a wani wuri ba. Kafin zuwan ɗan Adam, New Zealand ba ta da dabbar tudu mai shayarwa sai jemage. Tsuntsaye suka saki jiki, wasu suka daina tashi, da yawa suna yin sheƙa a ƙasa. Da mutane suka shigo da ɓeraye da kyanwa da sauran masu farauta, sai aka yi musu ɓarna mai yawa, wasu nau'o'in suka ƙare ƙurmus. A 1999 aka kammala wani shinge mai tsawon kilomita 8.6 da ya kewaye kwarin da a da shi ne madatsar ruwan birnin, hekta 225, aka kawar da duk mafarautan da ke ciki, aka dawo da tsuntsayen. Ka tsaya ka kalli shingen da kyau. Ragarsa ƙanana ce ƙwarai, tsayinsa ya ɗan haura mita biyu, a samansa an kifa wani lanƙwasasshen ƙarfe mai santsi don mai hawa ya zame, a ƙasa kuma an binne ragar ta miƙe waje don mai tono ya ci karo da ita. A bakin ƙofa za a ce ka buɗe jakarka ka girgiza, ko ɓera ya laɓe a ciki. Kada ka ji haushi, kowa haka ake yi masa. A ciki za ku ga kaka, wani babban aku mai ruwan ƙasa da jan ƙarƙashin fiffike, wanda yanzu ya yaɗu har cikin unguwanni. Za ku ga tuatara kwance a bakin raminta tana shan hantsi. Ka ce ƙadangare ce, amma ba danginsu ɗaya ba, ita kaɗai ta rage daga wani tsohon jinsi da sauransa suka shuɗe tun zamanin da. Tsuntsun kiwi kuwa da dare yake fita, sai an yi rajistar zagayen dare tare da ɗan jagora, kuma gurabe na cika da wuri. Ku ba wurin aƙalla awa uku.

Da la'asar sai bakin ruwa. Ku faro daga matsayar jiragen ruwa ta Queens Wharf ku bi gaɓa zuwa Oriental Bay, babu mota a hanyar, sai masu keke da masu gudu. Kusa da gidan tarihi na Te Papa akwai wani tsohon jirgi mai ƙugiyar ɗaga kaya a ɗaure, sunansa Hikitia, a Scotland aka ƙera shi a 1926, da kansa ya yi tafiyar har nan. Yashin gaɓar Oriental Bay ma baƙo ne, daga Golden Bay da ke Tsibirin Kudu aka yi jigilarsa. In da sauran ƙarfi, daga nan hanya ta hau zuwa ƙololuwar Mount Victoria, mita 196, ta cikin itatuwa. Hawan na da tsauri, in Hajiya ba ta son wahala ku ɗauki tasi ku hau, ku sauko da ƙafa. A Fabrairu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, kuna da lokaci.

Ranar iska kuwa ta Te Papa ce, gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1998. Da kyauta kowa ke shiga, amma tun 2024 baƙi daga waje na biyan kuɗi. Kada ku ce sai kun ga komai, hawa-hawa ne, zai gajiyar da ku. Ku fara da baje kolin yaƙin Gallipoli na 1915, inda sojojin New Zealand da na Ostireliya suka gwabza da na Daular Usmaniyya, 'yan New Zealand 2,779 suka mutu. Kamfanin Weta Workshop, masu ƙera kayan fina-finai a unguwar Miramar, su suka yi mutum-mutumin mutane takwas da suka halarci yaƙin, kowanne ya ninka girman mutum sau 2.4. Kana tsaye gabansu za ka ga gashin hannu ɗaya-ɗaya, da zufa, da ƙuda a kan gwangwanin abinci, da hawayen wata ma'aikaciyar jinya da wasiƙun da ta aika wa ɗan'uwanta suka dawo mata saboda ya rasu. Mutane kan fito shiru. Daga nan ku hau sashen Maori, 'yan asalin ƙasar, ku ga ɗakin taro na Te Hau ki Turanga da aka sassaƙa a shekarun 1840, ku bi abin da aka rubuta a ƙofa game da takalmi da ɗaukar hoto. A sashen halittu akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai hannaye goma da masunta suka kamo a tekun Antatika a 2007, nauyinta kilo 495, da kuma ɗan ɗakin da ke jijjiga don ka ji yadda girgizar ƙasa take. Abin da yawancin baƙi ke wucewa ba su gani ba yana waje, kusa da babbar ƙofa: 'yan matakala da ke sauka ƙarƙashin ginin, inda za ka ga abin da yake zaune a kai. Wasu dunƙule-dunƙule ne na roba da ƙarfe da darma a tsakiya, kimanin 150, in ƙasa ta motsa su ne ke shanye motsin, ginin ya yi lilo a hankali. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar, Bill Robinson, shi ya ƙirƙiro su a shekarun 1970, yanzu ana amfani da su a Japan da Amurka da sauran ƙasashe masu fama da girgiza.

Irinsu fiye da 400 ne a ƙarƙashin ginin majalisa, an saka su a shekarun 1990 bayan an yanke ginin daga tushensa. Zagayen majalisar kyauta ne, amma ka yi rajista tun kafin ranar. Ginin nan mai zagaye da ake kira Beehive ofisoshin firaminista da ministoci ne, zauren majalisar yana cikin na kusa da shi. In 'yan majalisa suna zama, ranakun Talata zuwa Alhamis da ƙarfe biyu na rana ake yi wa ministoci tambayoyi, kuma baƙo na iya zama a sama ya kalla. Af, a 1865 ne aka dawo da babban birni nan daga Auckland. Lokacin an samu zinariya a Tsibirin Kudu, ana fargabar mutanen can za su ɓalle in gwamnati ta ci gaba da zama can ƙuryar arewa, sai aka gayyato mutum uku daga Ostireliya su zaɓi wuri a tsakiya, suka zaɓi wannan tasha.

Tsallaken titi kaɗan akwai Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma a ganina wanda ya zo Wellington bai shiga nan ba ya yi asara. A wani ɗan ɗaki mai duhu, bangonsa katako, aka ajiye ainihin takardun Yarjejeniyar Waitangi ta 1840 tsakanin Masarautar Birtaniya da sarakunan Maori fiye da 500. Takardu tara ne, don an yi ta yawo da kwafe-kwafe gari-gari ana karɓar sa hannu. Wasu sarakunan, maimakon suna, zanen tsagar fuskarsu suka yi. Za ka ga gefen wasu takardun a cinye: an yi watsi da su shekaru a wani ɗakin ajiya, ruwa da ɓeraye suka yi musu illa, sai a 1908 aka gano su a haka. Rubutun Turanci da na Maori ba su faɗi abu ɗaya ba game da ikon da sarakunan suka miƙa, kuma wannan saɓani har gobe shi ne jigon siyasar ƙasar. A ɗakin dai akwai takardar koken mata ta 1893, wadda aka liƙa shafukanta suka zama naɗi mai tsawon fiye da mita 270. A shekarar ce New Zealand ta zama ƙasa ta farko mai mulkin kanta da ta ba mata damar jefa ƙuri'a a zaɓen majalisa. Jagorar wannan fafutuka, Kate Sheppard, ita ce a jikin takardar dala 10 da za ka riƙe. Shiga kyauta ne. Ka lura, ranar 6 ga Fabrairu hutun tunawa da yarjejeniyar ne, ofisoshi a rufe, wasu gidajen abinci kuma na ƙara kashi 15 cikin ɗari a ranakun hutu.

Masallaci yana unguwar Kilbirnie, a titin Queens Drive, tsakanin gari da filin jirgin sama, bas na zuwa. Nan ne firaminista ta lokacin, Jacinda Ardern, ta je ta'aziyya bayan harin masallatan Christchurch na 15 ga Maris 2019 da ya ci rayuka 51. Abu biyu za su iya rikita ka. Alƙibla daga Wellington yamma take, ta ɗan karkata kudu, kuma da tsakar rana a arewa rana take tsayawa, don haka kada ka dogara da sabo, ka duba manhajar waya. Na biyu, saboda an tura agogo gaba da awa guda a lokacin zafi, azahar ba ta shiga sai wajen ɗaya da rabi, isha kuma sai dare ya yi nisa. Abinci ba zai ba ku wahala ba. Ƙasar na fitar da naman halal da yawa zuwa waje, amma hakan ba ya nufin duk naman da ke gidan abinci halal ne. Ka nemi takardar shaidar FIANZ, tarayyar ƙungiyoyin Musulmin ƙasar, ko ka tambaya kai tsaye, ba sa jin nauyin amsawa. Gidajen abincin 'yan Malesiya da Turkawa da Indiyawa suna da yawa a Te Aro da Newtown, ga kifi ko'ina. In kwanakinku sun haɗa da Lahadi, da safe ana cin kasuwar kayan lambu da 'ya'yan itace a gefen Te Papa. Ku sani kantuna na rufewa da wuri, wajen biyar da rabi zuwa shida, gidajen shayi da kofi ma tun la'asar. Kati ake biya da shi kusan ko'ina, kuma ba a saba ba ma'aikaci tukwici ba.

Tunda taro za ka, mai yiwuwa a buɗe shi da tarbar gargajiya ta Maori, wadda ake rufewa da gaisuwar haɗa hanci da goshi, maza da mata. In kai ko Hajiya ba za ku yi da wanda ba muharrami ba, ka sanar da masu shirya taron tun kafin a fara, a wurin kuma ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan sunkuya. Kada kuma ka zauna a kan tebur, abin ƙi ne a wurinsu.

Wani gargaɗi tun kafin ku iso. Yawancin jiragen nesa a Auckland suke sauka, daga nan awa guda ne zuwa Wellington, kuma a inda kuka fara sauka za a binciki kayanku. Wannan ƙasa ba ta wasa da abin da zai shigo mata da cuta ko ƙwaro. Busasshen nama, zuma, iri, ganyen magani, kayan itace, har tuffa ɗaya da aka ba ka a jirgi ka manta a jaka, duk sai ka bayyana a takardar shiga. Bayyanawa ba laifi ba ce, iyaka su duba su mayar maka ko su karɓe. Wanda bai bayyana ba kare ya shinshino, tarar dala 400 ta New Zealand ce nan take. Takalmi mai laka a ƙasa ma ka wanke shi. In kuma ta Ostireliya za ku bi, ka bincika da wuri ko fasfonku na buƙatar bizar wucewa.

Girgizar ƙasa ba abin da zai hana ku zuwa ba ce, amma ku san abin yi. In kun ji ta, ku durƙusa, ku shige ƙarƙashin tebur, ku riƙe shi, kada ku ruga waje inda gilashi ke zubowa. In ta yi ƙarfin da tsayuwa ta gagara, ko ta wuce minti guda, kuma kuna kusa da ruwa, da ta lafa ku nufi tudu da ƙafa ba tare da jiran sanarwa ba. A unguwannin bakin teku za ku ga shuɗin layi an ja a kan titi, shi ne iyakar inda ake hasashen ambaliyar tsunami za ta kai, sai ku wuce shi.

Saura jirgin Tsibirin Kudu. Kamfanoni biyu ne, Interislander da Bluebridge, suna zuwa garin Picton, kilomita 92, kimanin awa uku da rabi. Awa ta ƙarshe, inda jirgin ke ratsa tsukakkun mashigai tsakanin koren tuddai, tana da kyau ƙwarai, ba zan rage mata komai ba. Amma zuwa da dawowa awa bakwai ke nan a kan ruwa, ban da jiran shiga, wato kun ba da kwana ɗaya cikin uku, Picton kuma ƙaramin gari ne. Tsakiyar mashigin in kudu ta taso ba wasa ba ne, akan soke tafiya, wanda bai saba ba kuma amai zai yi ta yi. A gidan tarihin birnin da ke Queens Wharf za ka ga labarin jirgin Wahine, wanda guguwa ta buga da duwatsun Barrett Reef a bakin shiga tashar ranar 10 ga Afrilun 1968, da mutum 734 a ciki, 51 suka rasu a ranar, mutanen gari na kallo daga gaɓa. Jiragen yau ba sa fita a irin wannan yanayi, abin da zai same ku bai wuce jinkiri ba, amma mai jirgin sama a gabansa jinkiri ma babbar matsala ce.

In dai ruwan kuke son hawa, ku shiga ƙaramin jirgin East by West daga Queens Wharf zuwa Days Bay, kamar rabin awa ne, a cikin tashar yake ba ya fita teku. Wasu tafiye-tafiyensa na tsayawa a tsibirin Matiu, wanda a da nan ake killace masu cuta da dabbobin da aka shigo da su, a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu kuma aka tsare 'yan ƙasashen abokan gaba a can. Yanzu mafakar tsuntsaye da tuatara ce, a nan ma sai an duba jaka, babu shago, ku tafi da ruwa da abin taɓawa, kuma ka tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe kafin ku sauka. Idan kuwa zuciyarku na kan Tsibirin Kudu, to ku ƙara kwana biyu a tikitinku ku kwana a can. Ranar komawa ma ka bar tazarar awanni masu yawa tsakanin saukarku Auckland da tashin babban jirginku, don iska ko hazo kan jinkirta tashi daga Wellington, kuma in da hali ka sayi tikitin biyu a haɗe, ta yadda in na farko ya makara kamfanin ne zai nema muku wani.